Daga Gadon Asibiti zuwa Tsakar Gida: Jiyyar Aiki da Dogaro da Kai

Akwai wata tambaya wadda ba kasafai akan yi ta ba a ranar da aka sallami majiyyaci daga asibiti. Likita ya duba ya ga zazzaɓi ya sauka, jini ya daidaita, miki ya haɗe. Ya rubuta magani, ya sa ranar dawowa. Dangi sun yi hamdala, sun naɗe tabarmi, sun tattara kwanuka, sun nemo mota. Amma da wuya a sami wanda zai tsaya ya ce, to, in an isa gida, wa zai riƙa kai shi bayan gida? Da wane hannu zai ci tuwo? Yaya zai ɗaura tazugen wandonsa? Ana ganin waɗannan abubuwa sun yi ƙanƙanta a dami likita da su. Alhali kuwa a cikinsu mutuncin mutum yake, kuma a kansu ake gane ko wanda aka sallama ya koma gidansa a matsayin maigida, ko kuwa a matsayin kayan da za a riƙa ɗauka ana ajiyewa.

Akwai wani fanni na aikin lafiya wanda amsa wannan tambaya ita ce sana'arsa, kuma shi wannan lacca za ta yi bayani a kai. Batun ya shafi mutane da yawa fiye da yadda ake tsammani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, watau kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tsanani. Wani bincike da aka buga a 2020 kuma ya nuna mutum biliyan 2.4 suna da wata lalurar da aikin farfaɗo da jiki zai amfane ta, kusan mutum ɗaya ke nan cikin uku. Saurayin da babur ya kayar yana cikin lissafin, haka ma ma'aikacin da hawan jini ya daɗe yana bibiya bai sani ba.

Matsalar suna

Kafin a shiga cikin batun, tilas a daidaita sunansa, domin sunan da kansa ya jawo ruɗani. A asibitoci akan taƙaita shi a ce O.T. Cikakken sunan a Turance ya ƙunshi wata kalma mai harshen damo. Ma'anarta ta kusa ita ce sana'a. Ma'anarta ta asali kuwa ita ce duk abin da ya shagaltar da mutum, ya cika masa yininsa tun daga tashi barci har kwanciya. Masu fassara sukan kama ta farko su saki ta biyu, su ce koyar da sana'a, sai mutane su ɗauka wuri ne da ake tara naƙasassu ana koya musu saƙar kwando. Saƙar kwando tana cikin tarihin abin, amma ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na aikin ba.

Kalmar aiki ta fi dacewa, saboda Bahaushe ya ba ta fili. Akwai aikin gona, aikin ofis, aikin gida, aikin hannu, har da aikin hajji. Saboda haka a nan za a kira fannin jiyyar aiki, mai yin sa kuma malamin jiyyar aiki, bisa ƙiyasin malamin asibiti. Sunan yana da ɗan giɓi, domin wasan yara da hirar dattawa a ƙofar gida suna cikin abin da fannin yake kula da shi, Bahaushe kuwa ba ya ce musu aiki. Amma ya fi kamo ma'anar ta fuska biyu: aiki ne abin da ake son a mayar wa mutum, aiki ne kuma maganin da ake ba shi.

Ya kamata kuma a raba shi da gashi, wanda aka fi sani. Su biyun abokan tafiya ne, sau da yawa ma sashensu ɗaya a asibiti. Mai gashi yana auna ƙarfin tsoka da motsin gaɓa, yana so ya san iyakar inda hannu yake ɗaguwa. Malamin jiyyar aiki kuwa so yake ya san ko hannun yana kai loma baki, ko yana kai hula ka, in kuma ba ya kaiwa, ta wace dabara lomar za ta isa.

Inda abin ya samo asali

Tushen fannin yana gidajen masu taɓin hankali na Turai. A ƙarshen ƙarni na 18, a birnin Faris, likita Philippe Pinel da wani mai kula da majiyyata, Jean-Baptiste Pussin, suka soma kwance wa masu taɓin hankali mari. A Ingila kuma William Tuke ya buɗe wani gida a York a 1796, inda aka riƙa ba majiyyata aikin lambu da ɗinki da hidimar gida, aka ga hankalinsu ya fi kwanciya fiye da na waɗanda aka ɗaure aka bar su da zaman banza.

Bai zama sana'a mai zaman kanta ba sai a watan Maris na 1917, sa'ad da mutum shida suka taru a wani ƙaramin gari mai suna Clifton Springs a jihar New York ta Amurka, suka kafa ƙungiya. Abin lura shi ne wanda ya karɓi baƙuncinsu, George Barton, ba likita ba ne. Mai zanen gine-gine ne wanda ya yi fama da tarin fuka, aka kuma yanke masa wani sashe na ƙafa, ya farfaɗo da kansa ta hanyar aikin kafinta da lambu. A cikinsu akwai likitan ƙwaƙwalwa William Dunton, da Eleanor Clarke Slagle, wadda ta shahara wajen koya wa majiyyatan da suka daɗe a kulle tsarin yini: lokacin tashi, da na wanka, da na ci, da na aiki. Wata guda bayan taron Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, sojoji suka riƙa dawowa ba hannu ba ƙafa, aka horar da mata masu yawa don su koya musu komawa rayuwa. A Birtaniya likita Elizabeth Casson ta buɗe makarantar farko a Bristol a 1930, a 1952 kuma aka kafa tarayyar masu wannan sana'a ta duniya.

Nijeriya ma tana da abin faɗi a wannan babi. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a asibitin Aro da ke Abeokuta, inda masu taɓin hankali suke zama a ƙauyukan da ke kewaye tare da wani ɗan'uwansu, suna karɓar magani a asibiti, suna kuma shiga harkokin ƙauye. Lambo likitan ƙwaƙwalwa ne, amma tunanin ɗaya ne: a bar majiyyaci cikin rayuwa, domin rayuwar tana cikin maganin.

Akawu da hannunsa na dama

Bayani a dunƙule ba ya nuna yadda aikin yake, gara a bi mutum ɗaya. A ɗauki misalin wani akawu mai shekara 55, magidanci, wanda ya tashi da asuba ya ji hannunsa na dama da ƙafarsa sun yi nauyi, bakinsa ya karkace. Wannan ita ce shanyewar ɓarin jiki: wata jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, sashen da take ciyarwa ya lalace. Da yake jijiyoyin da ke sarrafa motsi suna giciye kafin su sauka jiki, lahanin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa a dama yake bayyana. Kuma da yake a wurin yawancin mutane magana a hagun take, harshensa ma yana iya sarƙewa. An ceto ransa, an sa shi a kan maganin hawan jini. Sauran magana ta komawa gida.

Abin da malamin jiyyar aiki yake fara yi shi ne awo. Akwai ma'aunai sanannu. Na Sidney Katz, na 1963, yana duba abu shida: wanka, sa tufafi, zuwa bayan gida, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. Na Barthel, na 1965, yana duba abu goma, yana ba da maki har ɗari. Ma'aunai ne masu amfani, sai dai a Amurka aka haife su, a gidajen da ake ci da cokali a kan tebur, ana kwana a gado mai tsayi, ana zama a kan masai kamar kujera. Malamin da ya ɗauko su ya cika takarda bai leƙa gidan akawu ba, zai ba shi makin da ba nasa ba. Mutum yana iya cin makin zuwa bayan gida a asibiti, ya isa gida ya tarar da salga wadda sai an tsuguna, ga buta a ƙasa, ga dokin ƙofa mai tsayi, ga duhu. Saboda haka ziyarar gida, ko aƙalla tambaya mai zurfi game da fasalinsa, ba ƙari ba ce a kan aikin, rabinsa ce.

Sa'an nan sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda majiyyaci ne kaɗai yake da amsarta: me ka fi so ka koma yi da kanka? Ana iya zaton akawu zai ce rubutu. Sau da yawa abin da irinsa yake faɗa, bayan ya yi shiru ya sunkuyar da kai, shi ne tsarki. Dattijon da ya aurar da 'ya'ya, a ce yau ɗan cikinsa ne yake wanke masa jiki, wannan ya fi shanyewar hannun ci masa rai.

Daga nan aikin yakan bi hanya uku a lokaci guda: a gyara mutumin gwargwadon yadda zai gyaru, a sauya yadda ake yin aikin, a kuma gyara wurin da ake yin sa. Alwala ta isa misali. Mai lafiya yana ganinta abu ɗaya ce. Malamin jiyyar aiki kuwa sai ya fasa ta gunduwa-gunduwa: tafiya zuwa wurin, zama, ɗaga buta cike da ruwa, karkata ta da hannu ɗaya ana tarar ruwan da ɗayan, kai ruwa baki da hanci da fuska, cuɗa kowane hannu da ɗan'uwansa, sunkuyawa zuwa ƙafa ba tare da an kife ba. Da an fasa ta haka sai a ga inda gizo yake saƙa. Buta hannu biyu take bukata, shi kuwa ɗaya ya rage masa. To, sai a sa wa bokiti kan famfo, a ɗora shi a kan wani abu mai ɗan tsayi, a ajiye kujera mai majingina a gabansa. Ruwa yana zuba da kansa, matsala ɗaya ta kau. Wanke hannun hagu har gwiwa kuwa, wanda sai da na daman, ba a kauce masa. Da farko a riƙe masa hannun a bi da shi, daga baya a rage taimakon kaɗan kaɗan, har ya zama yana yi shi kaɗai ko da a hankali.

A nan hikimar fannin take. Ƙwaƙwalwar da ta sami lahani tana iya buɗe sababbin hanyoyi, sassan da suka tsira su karɓi wani abu daga aikin waɗanda suka lalace, amma sai da maimaici mai yawa, kuma ta fi saurin yin haka a watanni ukun farko, ko da yake ba ta dainawa bayansu. Mutumin da aka ce ya ɗaga hannu sau ɗari yana kallon bango, kwana uku zai yi ya gaji. Wanda aka haɗa motsin da alwala kuwa, sau biyar zai yi a yini ba tare da an tuna masa ba, kuma da zuciya ɗaya. Game da abin da ya gagara, malaman addini sun riga sun yi bayanin hukuncin mai lalura, da salla a zaune da taimama, kuma malamin jiyya mai hankali yakan tura majiyyaci gare su maimakon ya yi fatawa da kansa.

Sauran ayyukan ma haka ake bi da su. Kafinta zai iya ƙera kujera mai huda a tsaka a ɗora a kan salga, a kafa ƙarfen dafawa a bango ta ɓangaren hannun da yake da ƙarfi. Wanda yake kwana a katifa a ƙasa, a ɗaga masa shimfiɗa daidai yadda in ya zauna tafin ƙafarsa zai taka ƙasa, domin tashi daga ƙasa yana cikin mafi wuyar abubuwa ga mai ɓari ɗaya. Wajen sa riga akwai ƙa'ida mai sauƙi: hannun da ya shanye shi ne farkon shiga, shi ne kuma ƙarshen fita. Kaftani mai matsattsen hannu da maɓallai a wuya wahala ne. Babbar riga kuwa, da yake ba ta da hannun da za a zura, kamar don irin wannan rana aka ɗinka ta. Tazuge a musanya shi da roba. Soso a ɗaura shi a kan sanda don cuɗa baya. Mace kuma a nuna mata yadda za ta danne gefen zane a jikin bango ko gado ta naɗa da hannu ɗaya, ko tela ya sa masa igiya.

Cin abinci yana da nasa nauyin, saboda matsayin hannun dama a al'ada. Mutumin da ya shekara hamsin yana kwaɓar yara don sun miƙa abu da hagu, ba ƙaramin abu ba ne a ce masa ya ci da ita, balle ga shi ita ce hannun tsarki. Wasu sukan ƙi cin abinci cikin mutane saboda wannan, su rame a banza. Cokali yana rage kunyar. In yatsun dama suna ɗan motsi, a naɗe mariƙin cokalin da tsumma ko robar tayar keke har ya yi kauri, domin hannu mai rauni ya fi iya riƙe abu mai kauri. In ba sa kamawa sam, a yi maɗauri a zura cokalin a ciki. Kwano mai zurfi ya fi faranti, kuma in an ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tsumma ba zai riƙa gudu ba. Duk waɗannan kayayyaki kuɗinsu bai kai na allura ɗaya mai tsada ba.

Akwai haɗari guda wanda ya kamata a sani. Hannun da aka gwada sau da yawa ya kasa, mai shi yakan daina gwada shi, har ƙwaƙwalwa ta saba da rashinsa ko da ƙarfi ya fara dawowa. Wani masani Ba'amurke, Edward Taub, ya yi nazarin wannan, ya fito da wata dabara mai kama da mugunta: a sa wa hannun mai lafiya safa mai kauri mafi yawan yini har mako biyu, a tilasta wa mai raunin yin aiki na sa'o'i. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2006, a kan majiyyata 222, ya nuna dabarar tana ƙara amfanin hannun. Sai dai ba ta kowa ba ce. Sai wanda wuyan hannunsa da yatsunsa suke ɗan buɗewa, kuma a ƙarƙashin kulawar masani. Wani gargaɗin kuma ga masu jiyya a gida: kada a ja majiyyaci ta hannun da ya shanye don a tashe shi, domin tsokar da ke riƙe kafaɗa ta saki, jan yana iya gurɗa ta ya bar masa ciwon da zai daɗe.

Wanda nasa lahanin ya faɗa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa kuwa, wani lokaci yakan manta da hagunsa baki ɗaya: ya ci rabin tuwon da ke kwano ya ce ya ƙare, ya aske rabin fuska, ya riƙa bugun ƙofa da kafaɗa, alhali idonsa lafiya lau. Dangi sukan ce iska ce ko sammu. Lalura ce sananniya, kuma ana koya wa mai ita juya kai da gangan yana bin gefen da ya ɓace masa.

Tausayin da ke kwantar da mutum

Babban abin da yakan rushe wannan aiki a gidajen Hausawa abu ne mai kyau a asalinsa, watau tausayi. Maigida ya kwanta, uwargida da amarya suna rige-rigen ba shi abinci a baki, 'ya'ya suna ɗaukarsa caɗak, kowa ya shigo ya ce kada ka motsa, Baba, bari a yi maka. Wanda ya bar shi ya yi minti goma yana kokawa da hannun riga, sai a ce ba shi da imani. Bayan wata shida gaɓoɓi sun sandare, ƙarfin da ya rage ya tafi, zuciya ta mutu. Bincike ya nuna kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira daga wannan ciwo sukan faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani, zaman ɗaki ba aikin fari ba na baƙi kuwa ba ya rage shi. Don haka malamin jiyyar aiki yakan ɓata lokaci a kan iyali kusan kamar yadda yake ɓatawa a kan majiyyaci, yana koya musu haƙurin tsayawa kusa da hannu a naɗe. Fita zaure a zauna da abokai, da zuwa masallacin unguwa, da karɓar kuɗin cefane a ƙirga a bayar, duk suna cikin takardar magani.

Mai sauraro yana iya cewa, ai dogaro da kai irin wannan tunanin Turawa ne, waɗanda tsohonsu yake zama shi kaɗai a gida. Mutanen da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, me ya haɗa su da shi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta kuskure ma'anar. Mutumin da aka fi dangantawa da fafutukar dogaro da kai ta naƙasassu, Ed Roberts, shan inna ya shanye shi tun daga wuya yana ɗan shekara 14, a cikin na'urar numfashi yake kwana, kullum sai an ɗauke shi an ajiye. Duk da haka ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1962, yana cikin jagororin cibiyar dogaro da kai da aka kafa a garin a 1972, daga baya ma aka naɗa shi shugaban hukumar jihar da ta taɓa cewa naƙasarsa ta yi yawa ba zai iya aiki ba. Abin da shi da abokansa suke nufi shi ne mutum ya zama mai yanke shawarar rayuwarsa, ko da da hannun wani za a aiwatar. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda Nijar ta tabbatar a 2008, Nijeriya kuma a 2010, ta ɗauki wannan ma'ana a sashenta na 19. Bahaushen da ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni bai hana aro tsakanin maƙwabta ba. Ya dai san bambancin mai aro da wanda ba shi da komai sai na aro.

Kuturta ta ƙara fito da amfanin fannin ta wata fuskar. An daɗe ana zaton cutar ce take cinye yatsu. Likita Paul Brand, wanda ya soma aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, ya nuna cewa abin da cutar take kashewa shi ne jijiyoyin jin zafi. Hannun da ba ya jin zafi zai ɗauki tukunya daga murhu ya ƙone, ƙafa ta taka ƙaya ta yini da ita, mikin ya ruɓe, ƙashi ya zaizaye. Haɗin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 1981, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995, yana kashe ƙwayar cutar cikin wata 6 ko 12, amma ba ya tayar da jijiyar da ta riga ta mutu. Abin da yake ceton yatsun shi ne tarbiyyar yau da kullum: a duba hannu da ƙafa kowace yamma kamar yadda makiyayi yake duba garke, a jiƙa su a ruwa, a kankare kanta, a shafa mai, a naɗe ƙotar fartanya da taɓarya da abu mai laushi, a ɗauki tukunya da tsumma mai kauri, a sa takalmi mai taushin ciki da taurin ƙasa. Manomin da ya riƙe wannan zai tsufa da yatsunsa a gonarsa. Haka nan shan inna: an tabbatar da kawar da ƙwayarta ta daji daga Afirka ranar 25 ga Agusta 2020, bayan an ga ta ƙarshe a Barno a 2016, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da yawa, kuma masu ƙera kekunan hannu a Kano, waɗanda da damansu su ma ita ta taɓa, aikin wannan fanni suke yi ko ba su san sunansa ba.

Abin da ya rage ga hukuma

Masu wannan sana'a a Nijeriya ƙalilan ne ƙwarai in aka kwatanta da yawan jama'a. Hukumar da ke yi musu rajista tare da masu gashi da masu gyaran magana an kafa ta da doka ta 38 ta 1988, kuma daga cikin wuraren da ake horar da su akwai Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da makarantar asibitin ƙwaƙwalwa na Uselu a Binin. Ɗalibi ba ya karanta abin da ba a ɗaukar aiki da shi, ma'aikatar lafiya kuma ba ta ɗauka sai an buɗe gurbi a tsarin ma'aikata. Wannan a hannun masu riƙe da alƙalami yake. Kafin a samu isassu, ana iya koya wa nas-nas da ma'aikatan lafiya na karkara dabarun farko, a kuma haɗa su da kafintoci da maƙera da teloli na gari.

Doka ma ta riga ta yi nata. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuwa ya cika a Janairu na 2024. Ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a hukumomin gwamnati. Sai dai gyaran ma yana da ƙa'ida. Gangaren da keken guragu zai hau, abin da aka saba bi shi ne kowane taku ɗaya na tsayi a ba shi aƙalla taku 12 na tsawo. Da yawa daga cikin waɗanda ake gani a ƙofofin ofisoshi da bankuna, mai ƙafa biyu ma sai ya dafa.

A koma kan akawu. Wata takwas sun wuce, yana tafiya da sanda, maganarsa ta dawo ko da yake da ɗan nauyi, yana sa hannu da hagu, ya koyi buga kwamfuta da hannu ɗaya. Ya rubuta takarda yana neman komawa bakin aiki, saura masa shekara huɗu da 'yan watanni ya yi ritaya da cikakken haƙƙinsa. Ofishinsa yana hawa na biyu, benen ba shi da abin dafawa, bayan gidan ma'aikata kuma na tsuguno ne. Rahoton malamin jiyyar aiki ya nemi abu uku: a sauko da teburinsa ƙasa, a sa kujera da ƙarfen dafawa a bayan gida ɗaya, a bar shi ya soma da rabin yini har wata biyu. Fayil ɗin yana kan teburin jami'in kula da ma'aikata, a gefensa kuma ga fam ɗin sallama saboda rashin lafiya, wanda cika shi ba ya ɗaukar minti goma.